Masakin da Ya Tafi da Ƙanena

Ranar Asabar a kasuwar Gorton, nan ƙasar Turawa, iska ta shiga ƙarƙashin tamfol ɗin wani mai kayan miya, ta ɗaga shi ta buga, fat, fat. Na tsaya cak da jaka a hannu, har wata tsohuwar Baturiya ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ta ina zan fara gaya mata cewa ƙarar gidanmu na ji?

Ni a cikin jirgi na tashi. Babban kwalekwale ne na Baba, muna ɗauko albasa daga Yauri mu gangara kogin Kwara zuwa kasuwannin kudu, mu dawo da manja da gishiri. A tsakiya akwai rumfar tabarma inda muke kwana, a baya kuma murhu cikin daro mai yashi. In iska ta yi kyau sai Baba ya kafa doguwar gora, ya ɗaga wani ƙaton zani da Kaka ta ɗinka da buhunan gari, jirgi ya yi ta tafiya da kansa, kowa ya miƙe ƙafa. Komai namu warin albasa yake yi, har kitson kaina.

Kaka, mahaifiyar Baba, a kan ruwa aka haife ta. Inna kuwa 'yar tudu ce, ba ta iya iyo ba. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta kallona a gaban mutane. Tun da aka yaye ni a bayan Kaka nake kwana. Kada ku ce ƙiyayya ce. Kunya ce, haka kowace uwa take yi a lokacin, kuma ban taɓa jin ciwon abin ba sai daga baya.

Kaka tana da doka guda wadda ba ta sassauci a kai: da zarar an kwance igiya daga gaɓa, babu goyo. In mace ta faɗa ruwa da ɗa a baya, an rasa biyu ke nan. Jariri sai dai a kwantar da shi a masaki, wato babbar ƙwarya da aka shimfiɗa wa tsumma, kuma ba a ɗaure masakin da komai. Da aka haifi ƙanena, wannan doka ta fi komai damun Inna.

"Iya, kuka fa yake yi," ta ce wa Kaka, murya ƙasa-ƙasa, hannunta a kan majanyi.

"Bar mini angona ya yi kukansa, kirana yake yi. Sauke shi."

Sai ta sauke shi.

A farkon wata damina, da la'asar, muna inda kogin ya yi faɗi har gaɓar can ta zama kamar zare, hadari ya taso mana ba sallama. Baba ya tashi zai sauke zanin, igiya ta harɗe. Iska ta cika shi, jirgi ya kwanta gefe guda, buhunan albasa suka zame. Kaka ta danne ni da gwiwa. Ina kallo Inna ta tafi cikin ruwa, masaki ya bi bayanta.

Kaka ce ta miƙa wa Inna sandar tuƙi ta jawo ta. Masakin kuwa sai juyawa yake yi a kan ruwa, yana nisa, yana ƙanƙancewa. Baba ya bi shi da iyo. Har yau in na rufe ido ina ganin kansa yana nitsewa yana ɓullowa, ina jin Inna tana aman ruwa tana kiran sunan Allah. Ya dawo yana tura masakin da goshi. Yaron na ciki, ruwan sama ne kawai ya jiƙa shi.

Dokar Kaka ta cece su duka biyu, kowa ya san haka. Washegari har tsokana take yi, wai angonta ya fita yawon amarci bai gaya mata ba. Inna ba ta yi dariya ba. Ba ta ci abinci ba. Da muka kai kasuwa ta gaba, tun kafin a gama ɗaure jirgi ta goya yaron, ta ƙara majanyi a kan majanyi, ta sauka.

"Zan je gida," ta ce wa Baba. "Sai ruwa ya janye."

Ina tsaye ina riƙe da gefen zanin Kaka. Inna ta kalli tukunya, ta kalli gorar nan, ta kalli ƙafar Kaka. Ni ce kawai ba ta kalla ba.

"Wannan ai tawa ce," in ji Kaka. "Je ki huta."

Inna ta ce to. Da wane baki za ta nemi 'yar fari a gaban surukarta? Ruwa ya janye, ya dawo, ya sake janyewa. Ban ƙara kwana ɗaki ɗaya da ita ba sai da ta zo yi mini wankan jego. A lokacin ma hira muka yi irin ta baƙi masu mutunta juna.

Abin da ya sa na zauna ina rubuta wannan da hannuna mai nauyi, na wadda ta koyi biro da furfura, shi ne maganar da aka yi a kicin ɗina makon jiya. Hukumar gari ta rufe gidan renon yara inda 'yata ta fari take aiki. Ta samu wani aikin a can garin Birmingham, amma gidan da za ta zauna ɗaki ɗaya ne. Ta ce za ta tafi da jaririnta, ta bar mini babbar 'yarta.

"Mama, ai taki ce, ke kika raine ta. Zuwa hutun makaranta ne kawai, kafin mu samu wuri."

Tana magana tana kallon butar shayi. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa da kayan makaranta, Hausarta ba ta da yawa, amma ta gane.

Ban san yadda za su yi da ɗaki ɗaya ba, kuma na san ni zan fi kowa kewa. Ni ma tun da na haifi 'yar nan tawa ban taɓa furta sunanta ba, sai dai "ke" ko "'yar nan". Ranar na kira ta da shi, har ta firgita ta juyo.

"Ba ni za ki kalla ba," na ce. "Juya ki kalle ta. Da ita za ki tafi."