Sandar Ɗan-Azumi

Ran Talata ce, ranar da kasuwarmu ta gefen Gwiwa ke ci. An yanke gero, dawa tana tsaye ba ta gama bushewa ba. Na tashi kafin assalatu, na buɗe daddawar da na rufe da ganye, na ji ta nuna yadda nake so. Na mulmula, na jera a ƙwarya biyu. Malam, maigidana, ya dawo daga masallaci yana mitar warin. Shekara da shekaru yana wannan mita, kuma ban taɓa ganin ya ture miyar ba. Ya sha kunu, ya ɗora wa jaki igiyoyi da tabarmin kaba, muka kama hanya rana na fitowa.

A lokacin na riga na aurar da 'ya'yana, ba mai tsare ni a gida. Wurin zamana yana gindin tsamiya, layin masu kayan miya. Kusa da ni Dudu ce ke zama, wata Bafulatana mai nono, muna ciniki muna faɗa muna shiryawa. Daga nan ina hango rumfar Malam. A jikin tasa kuma akwai ta Ɗan-Azumi mai turkuɗi, baƙin zanen nan mai sheƙi da mutanen arewa ke rububi. Ɗan-Azumi mutum ne mai tumbi da fara'a, tafinsa kullum shuɗi da baba, bakinsa ja da goro. Fataken arewa a gidansa suke sauka. Kowa ɗan'uwansa ne a baki. Ni dai tun can ban yarda da mutumin da ke dariya kafin a gama ba shi labari ba.

Ku da ba ku ga zamanin ba, sai na gaya muku al'adar kasuwarmu. In mai rumfa zai ɗaga, sai ya miƙa wa maƙwabcinsa sandarsa. Maƙwabcin ya gicciya ta a bakin rumfar. Daga nan kayan sun zama amana. Wanda ya karɓi sanda ba ya tashi sai mai ita ya dawo ya ɗauke da hannunsa. Wanda ya tashi ya bar sanda kuwa ya mutu a kasuwa ko da yana yawo da ƙafarsa, ba mai sake ba shi ajiyar ko allura. Kowa wurin Malam yake kai sandarsa. Ya taɓa zama cikin ruwan sama har aka watse, saboda wani mai tukwane ya tafi jana'iza ya manta da shi. Yana alfahari da wannan, ni ma ina yi.

Da hantsi Ɗan-Azumi ya zo shi kaɗai, ba jakunansa. Ya jera ƙunshin kayansa a ɗaure, bai kwance ko ɗaya ba. Ya gaisa da kowa, har da waɗanda ba ya gaisarwa. Ya dafe ciki, ya miƙa wa Malam sanda mai zoben tagulla a kai. Na ji shi daga inda nake.

"Malam, riƙe mini. Yanzu zan dawo."

Malam ya gicciya sandar. Ɗan-Azumi ya bi hanyar kudu, kuma saurin da yake yi ba na mai ciwon ciki ba ne. Na gani, na taɓe baki, na koma kan cinikina.

Da walaha kasuwa ta cika. Kalangun mahauta yana tashi, maƙera na dukan ƙarfe, jakuna na kuka a turke. Sai ƙura ta taso daga arewa. A cikin ƙurar muka hango wuyan raƙuma.

A irin wannan lokaci ne ayarin gishiri da kanwa ke sauka su sayi gero, kuma mun daɗe muna jiran su. Dillalai ba sa jira ayari ya shigo. Wanda ya riga kama akalar raƙumi, baƙon nasa ne, ladan nasa ne. Saboda haka suka tattare riguna suka ruga da gudu, suna ture juna, suna zagin juna. Mu mata muna dariya. Dudu har da guɗa. Dillalan da ƙafarsu suka je, suna washe baki, hannu a miƙe.

Raƙuman ba kaya a bayansu. Koro su aka yi a gaba, dawakai na biye.

Ƙarar farko bindiga ce, guda ɗaya, kamar an fasa tulu. Kalangu ya yi shiru. Sai ihun dillalai, sai kofatai. Wani ya kwatsa murya daga wajen turke.

"Hari! Hari ne! Ku yi dawa!"

Har yau ban san mutanen wane ne ba. Wasu sun ce na wancan sarki ne, wasu sun ce na wancan. Na ga dai rawuna sun rufe fuska, na ga tsinin masu, na ga wuta a kan rumfunan masu hatsi. Suna ihu da Hausa irin tamu.

"Kwanta! Kwanta a nan! Kama waccan!"

Na zubar da ƙwaryata na nufi rumfar Malam, mutane na bangaje ni. Yana tsaye tsakanin rumfarsa da ta Ɗan-Azumi, ƙafarsa ɗaya a kan sandar. Na ja rigarsa. Ya fizge. Na sake ja. Ya nuna mini sandar da haɓa, kamar ni ce ban san al'ada ba. Ina jin a ransa yana ganin tsoho ne shi, bayi suke nema, ba mai kula shi, zai ba su haƙuri su bar kayan mutane. Dudu ta zo ta damƙi wuyan hannuna ta yi gaba da ni. Ƙarfin mai dakan gero da tatsar shanu ba irin nawa ba ne.

A bakin gonar dawa na juya na kira Malam da sunansa na yanka. Tun ranar da aka kai ni gidansa bakina bai taɓa furta sunan nan ba, sai ran nan, a gaban duk kasuwa. Ya waiwayo. Ya ɗaga hannu.

"Tafi! Bi Dudu!"

Muka faɗa cikin dawa muka kwanta rub da ciki. Ta tsakanin kara na ga mahaya biyu sun sauka a rumfarsa sun kwashi igiyoyin. Da igiyar da ya tuƙa da hannunsa suka ɗaure 'yan matan layin fura, wuya da wuya. Daga nan hayaƙi ya tsaya tsakanina da shi. Ban ƙara ganin komai ba.

Rana ta take tsaka muna rarrafe cikin gona. Ganyen dawa ya yayyanka mana fuska. Dudu ta san burtalin da shanunsu ke bi zuwa duwatsun Kazaure, shi muka kama. Ba mu kaɗai ba ne. Abin da na gani a burtalin nan ya fi maharan tayar mini da zuciya, don su dai ba su san mu ba. Wani ƙato ya wuce mu da cinyar sa a kafaɗa, wadda ya sura a teburin mahauta. Wani ya ture mai ciki cikin ƙaya don ya riga ta wucewa. Mai awon hatsin kasuwarmu, wanda ba ya rasa sahun gaba a masallaci, ya zo ya wuce a kan jakin Malam. Na kira shi. Ya dube ni, ya ƙara wa jakin dudduge.

Da azahar muka isa wata rijiya a bakin wani ƙauye. Mutanen ƙauyen sun janye guga sun shige gida sun tokare ƙofa. Muna jin motsinsu a bayan danga. Mun yi sallama har muryarmu ta dushe. Dudu ta kwance ɗankwalinta ta ƙulla da nawa da na wata mata, muka zura, muka matse a baki. Ruwan da na sha ran nan ke nan, da ɗanɗanon man shanu na kan Dudu.

La'asar ta same mu a gindin duwatsu. Da muka hau sama muka juya, hayaƙi yana nan tsaye a arewa. Takalmina ɗaya ya tsinke tun a gona, na yar da ɗayan. Magariba ta yi, aka rufe ƙofar Kazaure ba mu kai ba. A tsakanin duwatsu muka kwana. Duk wanda ya iso daga baya na tambaye shi Malam, ba wanda ya tsaya ya duba.

Da hantsi masu tsaron ƙofar Kazaure suka buɗe, bayan sun gama leƙen mu ta saman ganuwa kamar mu ne maharan. Muka shiga, ƙafa a kumbure. Ban yi nisa ba na hango wani abu yana sheƙi a inuwar ɗorawa.

Turkuɗi ne, an baje shi a kan tabarma. Ɗan-Azumi yana zaune a bayansa ya tanƙwashe ƙafa, yana ciniki da wani mai rawani. Jakunansa duk suna ɗaure suna cin harawa. Iyalinsa kaf suna nan, har kaji a cikin akurki. Tsohuwarsa ta gane ni, ta taso tana tafa hannu tana godiya ga Allah. Ita ce ta gaya mini, da zuciya ɗaya, ba ta san abin da take faɗa ba. Wani baƙonsu na arewa ya kwana gidan ran Lahadi, ya ce ana haɗa dawakai. Su tun kafin asubar Talata suka fito da kaya. Ɗanta ya koma kasuwa ne kawai don kada a ga rumfa wayam a fara tambaya. In gari ya tashi gaba ɗaya, hanya za ta cushe, a rufe ƙofa kafin jakuna su shiga. Ta ce, in kunne ya ji, ai jiki ya tsira.

Kunnensa ya ji tun Lahadi. Ya zauna kusa da Malam ran Talata, ya gaishe shi, ya tambaye shi ciwon gwiwarsa.

Ya ɗago ya gan ni. Fara'ar ta zo kamar kullum, ta tsaya a rabi.

"Iya, kun fito lafiya? Ina Malam?"

"Yana bakin rumfarka, yana jiran ka."

Ya dubi tabarma. Ya ce, "Ai na zaci zai gudu."

Duk kasuwa ta san Malam ba ya tashi ya bar sanda. Shi ya sa shi aka ba. Na so in tofa masa yawu, bakina a bushe yake. Na tsaya ina kallon zanen nan yana walƙiya a rana, tambaya ɗaya tana cina: in turkuɗin yana nan, me ke cikin ƙunshin da ya jera a rumfa?

Ran Alhamis aka buga ganga cewa hanya ta buɗe. Na bi mazan garinmu muka koma. Ungulaye ne suka fara nuna mana kasuwar tun daga nesa. Ba zan faɗa muku warin ba. Tsamiyata ta babbake gefe guda. Dillalan suna kwance a hanyar arewa inda suka je tarye.

Rumfar Ɗan-Azumi ba ta ƙone ba. Malam yana kwance a bakinta, kan gefensa, sandar tana ƙarƙashin hannunsa. An farke ƙunshin duka da wuƙa. Ƙaiƙayi ne a ciki, da tsummokara, da busasshiyar kaba don su yi tudu. Zabin wani suna tona shi. Ban sani ba ko kafin su farke suka sare shi, ko sai da suka ga abin da tsoho ya tsaya yana karewa haushi ya kama su. Na yi ta juya wannan a raina har na gaji.

Aka yi wa Malam sutura tare da sauran kafin magariba. Na ji haushinsa a bakin kabarin, kuma ba zan ɓoye ba, har yau ina ji. Da aka gama na koma na ɗauki sandar, na goge ta da bakin zanena, na gicciya ta a inda ya ajiye ta. Na ce da waɗanda ke wurin, mai ita bai dawo ba tukuna.

Bayan an yanke dawa kasuwa ta sake ci. Ba wanda ya shiga rumfar, ba wanda ya taɓa sandar. Ɗan-Azumi bai zo ya ɗauka ba. Ya kafa rumfa a Kazaure, ya yi arziki, can suna ce masa mai sa'a. Da damina gara ta cinye sandar, zoben tagullar ya rage a ƙasa, wani ya tsince.

Mai awo ya aiko mini da jakin, ya ce tsintarsa ya yi. Ƙwarya na sayi wasu. 'Yan matan layin fura ba wadda ta dawo. Ni na koma gindin tsamiya, Dudu tana gefena, muna faɗa muna shiryawa. Ran Talata ina tashi kafin assalatu in buɗe daddawa. Warin ya cika gida har zaure, ba mai cewa komai.