Na Ƙunshe Ƙosai da Mutuncin 'Yar Mutane

Assalamu alaikum, edita da masu karatu. Ni tsohuwa ce, ban san ko bihim ba a boko. Faɗa nake ana rubutawa, don haka in kun ga magana ta karkace ku yi mini uzuri, kuka ne ke katse ni.

Lokacin da abin ya faru bai fi shekara uku ko huɗu da yanke mana Jigawa daga Kano ba. Haifaffiyar Dingaya ce ni, aure ya kawo ni Gwaram, a nan mijina ya rasu ya bar ni da kaskon suya. Kullum da safe ina ƙofar gida ina tuyar ƙosai, 'yan makaranta da 'yan tasha su ne masu sayena. Mace ce ni mai zafi a lokacin, ina taƙama da cewa ba a taɓa jin abin kunya daga gidana ba. Ina riƙon jikata, 'yar babbar 'yata da ta rasu tana goyonta. Ta kai shekara sha biyar, bakinta ba ya hutawa. Ita ke ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe, ni kuma in ce da ita rediyo maras batir, mu yi ta dariya muna surfen wake.

Tana da ƙawa guda, 'yar Zandam, da aka kawo gidan ƙanin ubanta a Gwaram saboda makaranta. Ubanta ya rasu, uwarta kuma tari ya kama ta, ta daɗe kwance a babban asibitin Birnin Kudu. Duk Juma'a in an tashi daga makaranta yarinyar nan za ta shiga mota ta tafi jinya, ta wanke wa uwarta kaya, ta dawo ran Lahadi idanunta sun faɗa. Siririya ce, mayafinta ɗaya, ba ta wuce ni sai ta durƙusa ta ce Inna ina kwana. Jikata kan tsame mata ƙosai biyu uku daga nata kason, ni kuwa in yi kamar ban gani ba.

A shekarun nan ne littattafan Hausa suka cika gari. Direbobi ke kawo su daga Kano, akwai mai tebur a kasuwa da ke ba da haya. Yaran nan biyu suka kamu da su, musamman waɗanda ke ba da labarin samari da 'yan mata da duniya ta juya wa baya, marayu, 'yan gudun gida, da abokan da ke tsaya musu. Ban hana ba, don na ga suna zaune wuri ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne su ma sun soma rubuta nasu. Littafin rubutu ne mai jan bango, wannan ta rubuta yau ta miƙa wa waccan gobe. Wata rana na zura hannu a buhun wake na ci karo da shi a ƙasa. Zuciyata ta ce abin da aka ɓoye a buhun wake ba na alheri ba ne.

Ɗana, kawun jikata, yana jan bas tsakanin Gwaram da Birnin Kudu har Kano, ya yi firamare. Da ya shigo cin abincin rana na miƙa masa na ce ya karanta mini. Bai fara daga farko ba, tsakiya ya buɗe yana tauna yana karantawa. Na ji mai rubutun tana cewa ni ce na ɗauke kular abinci daga ƙarƙashin gadon wata maras lafiya don uwata ta kwana biyu ba ta ci ba, ni ce na kwana a rumfar tasha da na rasa mota, ni ce na haɗiyi ƙwayar da wani yaron mota ya ba ni don in manta da yunwa, kuma ƙawata ta yi wa kakarta ƙarya don ta rufa mini asiri. Na tambaye shi hannun wa ne, ya ce hannu biyu ne, ɗaya na 'yarmu. Na ce to gaskiya ne abin nan? Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai abin da ke rubuce ya karanta, ai dama littattafan nan ke lalata yara. Ya wanke hannu ya fita, wai lodinsa ya zo.

Ku fahimce ni, ba wanke kaina nake ba. A duk rayuwata abu uku na sani a rubuce: Alƙur'ani, wasiƙa, da takardar alƙali. Babu na wasa a cikinsu. Tatsuniya kuwa na san ta, da baki ake yin ta, a buɗe da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, kowa ya san ƙarya ce aka shirya. Har na bi ɗan nawa zaure na tambaye shi ko an sa ga ta nan a farkon littafin, ya ce babu. Shi ke nan na yanke hukunci. Mutum ya ɗauki alƙalami da hannunsa ya ce ni, ai ya amsa laifinsa.

Jikata na dawowa ban bar ta ta ajiye jaka ba na wanka mata mari. Tana kuka tana cewa labari ne suka ƙirƙira, irin na littattafai, babu wanda ya saci komai. Na ce ta rufe mini baki, yaushe aka fara zuba ƙarya a takarda, ni za ta mayar sakarai don ban yi boko ba? Washegari da safe ƙawarta ta zo kamar kullum, jikata ta riga ta sa mata ƙosai a hannu. A gaban masu saye na miƙe na ce da ita ɓarauniyar marasa lafiya, kada ƙafarta ta sake taka ƙofar gidana. Yarinyar nan ba ta yi musu ba. Ta ajiye ƙosan a gefen faranti, ta ce Inna Allah ya huci zuciyarki, ta juya. Har yau ina ganin ƙosan nan guda uku a gefen faranti.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Mai tuya ba ta zubar da takarda. Da tsofaffin jaridu da takardun jarrabawa nake ƙunshi, kuma a makon nan sun ƙare mini. Na dubi littafin na ce abin banza ma ya yi amfani. Na yayyage shi, kowane shafi na raba biyu, na jera ƙarƙashin dutse kusa da kasko. Kwana uku ina ƙunsa wa mutane ƙosai a ciki. Rana ta biyu na ga kasuwa ta buɗe, har waɗanda ba su taɓa saye wurina ba suna layi, mutum ya sayi kaɗan ya koma ya sake dawowa. Ni a wautata ina godiya ga Allah wai hannuna ya yi albarka. Ashe takardun suke bi. 'Yan tasha na tattara su, suna goge maiƙon, suna haɗa rabi da rabi, wani ya hau benci ya karanta wa sauran suna shewa. Sai rana ta uku wata maƙwabciyata ta ce da ni tana dariya, Inna a ƙunsa mata a cigaban na jiya, tana son jin inda yarinyar ta kwana. A nan na gane, amma takarda biyu kawai suka rage ƙarƙashin dutsen.

Gwaram ba ta da girman da za a rasa gane yarinyar da uwarta ke kwance da tari a Birnin Kudu. 'Yan ajinsu sun san rubutun hannunta. Kafin mako ya zagayo an laƙaba mata suna mai kula. In ta wuce tasha, manyan banza masu gemu su ce a ɓoye kwanuka ga ta nan, wani ya ce ko a samo mata ƙwaya ne. Ranar Juma'a da ta shiga motar asibiti, wata mata ta janye ƙunshin abincinta ta ɗora a cinya. Ina tambaya, a cikin duk masu karatun nan da suka san bambancin littafin labari da takardar shaida, babu mutum ɗaya da zai ce ku ji tsoron Allah, ƙirƙira ce? Sun sani sarai. Daɗin gulma ne ya fi musu. Ni jahilci ya ja ni, su fa?

Ƙanin ubanta bai bincika ba, shi ma. Ya ce ba za a zubar masa da mutunci a gari ba, ya cire ta daga makaranta ya haɗa ta da wata mai kai yara aikatau Kano. Bai bar ta ta je sallama da uwarta ba. Bayan sati uku uwar ta cika a asibiti, tana tambayar ko Juma'a ba ta yi ba ne.

Malamarsu ta Hausa ce ta zo ta same ni. Matashiya ce, amma ranar ta yi mini faɗan da uwata ba ta taɓa yi mini ba, kuma ban iya ɗaga kai ba. Ta ce ita ta ƙarfafa musu su rubuta, ta karanta littafin tun daga farko har ƙarshe, har tana shirin nema musu wanda zai duba shi a Kano. Ta ce abu biyu ne kawai na gaskiya a ciki, ciwon uwar da amincin yaran. Satar da ƙwayar da kwanan tasha, duk tsoron da yarinyar ke ji ne ta zuba a takarda, abin da take gudun kada wahala ta kai ta. Sannan ta tambaye ni ko an karanta mini ƙarshen. Na ce a'a. Ta fito da rabin shafi da ta karɓe a hannun wani ɗalibi, duk ya jiƙe da maina, ta karanta. A ƙarshen labarin yarinyar ta je ta durƙusa gaban kakar ƙawarta, wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, mai faɗa amma mai zuciyar kirki, ta faɗa mata komai. Tsohuwar ta ce ta taso, daga yau nan ne gidanta, ta dama kunu suka shiga mota tare zuwa asibiti. Malamar ta ce wannan shafin hannun 'yar Zandam ne.

Da ɗana ya dawo na tare shi a zaure. Na ce ashe ka san labari ne? Ya sosa ƙeya ya ce ya sani mana, shi kansa yana karanta irinsu in yana jiran fasinja, ya dai so ne a tsorata yaran su bar shiririta, bai zaci abin zai kai haka ba. Wato kalma ɗaya ce ya hana uwarsa da ta dogara da idonsa. Na haife shi, ban yi masa baki ba, amma na yi shekara ban ci abin da ya kawo gidan nan ba.

Na je Zandam aka ce ba a san gidan da aka kai ta ba. Na matsa wa ƙanin uban, ya kwatanta mini wata unguwa a Kano. Ni da ban taɓa wuce Birnin Kudu ba na shiga mota na je, aka ce ta bar gidan da daɗewa. Ban sake jin ɗuriyarta ba. Jikata kuwa ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta ci gaba da yi mini surfe da ɗebo ruwa, tana gaishe ni a durƙushe kamar baƙuwa. Tun daga ranar ba ta sake ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe ba. Ta gama karatu, yanzu tana koyarwa a Birnin Kudu, da 'ya'yanta, amma ba ta ƙara rubuta labari ba ko layi ɗaya.

Iyaye da kakanni irina, in kun tsinci rubutun yaro kada ku kai wa wani a bayan idonsa. Ku zaunar da shi ya karanta muku da bakinsa, daga farko har ƙarshe, ku tambaye shi me yake nufi. Yaron da ke rubuta wahala ba lallai ya lalace ba, wataƙila kira yake yi ta hanyar da ya iya. Ku kuma masu ilimi, in wanda bai iya karatu ba ya miƙo muku takarda, amana ya miƙo. Wanda ya karanta rabi ya yi shiru da rabi, ya sani akwai ranar tambaya.

Rabin shafin nan da malamar ta bar mini yana cikin adakata har yau, maiƙon ya mayar da shi kamar fata. Wadda ke rubuta muku wannan jikata ce. Da na roƙe ta ta daɗe tana kallon alƙalamin kafin ta ɗauka. Na ce ta sa ni a ko'ina, kada ta sassauta, domin wannan karon duk abin da aka ce ni na yi, na yi shi. 'Yar Zandam, in kina raye kuma wannan ya iso gare ki, tsohuwar da kika rubuta ta fi ni kirki. Ban iya zama ita ba ranar da kike bukata. Ƙofar da na kore ki tana nan inda kika san ta, kuma ban da sauran kwana mai yawa.