Yadin da Ya Nemi Gagarar Keken Inna

Tun kafin a haife ni Inna take ɗinki a gidanmu na Badarawa. Atamfa ta sani, da leshi, da shadda. Kekenta na ƙafa ne, baƙi, yana baranda, kuma bai taɓa ganin yadi mai miƙewa ba sai da na haifi 'yata ta fari.

Bayan arba'in na koma ɗakina a Kurmin Mashi, hutun haihuwa kuma ya kusa ƙarewa, don ina koyarwa a wata firamare. Kayan fitar sunana duk ɗamammu ne, zif ɗinsu a baya. Ranar da na kai yarinyar rigakafi, ta tsala kuka muna kan layi, ni kuwa ina ta kokawa da riga a cikin hijabi, gumi har idona. Matar da ke gefena ta ɗage wani ninki a ƙirjin rigarta kawai, ɗanta ya kama. Na tambaye ta inda aka ɗinka, ta ce tsaraba aka kawo mata. Na ƙare wa rigar kallo har aka kira ni.

Ran Asabar na shiga Babbar Kasuwa na yanko yadin jesi mai miƙewa, ruwan ganye, na wuce gida. Inna ta ja shi, ta saki, ya koma yadda yake.

"Wannan ai singileti ce da ba a ɗinka ba," in ji ta. "Da ita za ki tsaya gaban 'ya'yan mutane?"

"Inna, doguwa za ki yi mini har ƙasa, mai sakewa. Gaban ne kawai nake so ya zama biyu."

Na zana mata da alli a jikin tebur. Ta duba, ta ɗauko almakashi.

Keken ya ƙi. Ya yi ɗinki uku, ya tsallake biyu. Kalmasar ta murɗe kamar ganyen latas, da na ja ta kaɗan zare ya tsinke. Inna ta sake allura, ta sassauta zare, ta zaro kwarkwaro ta busa, duk a banza. Da la'asar ta ninke yadin ta ce in tafi, mijina na jira. Na san ranta ya ɓaci, don ko sallamata ba ta amsa da kyau ba.

Kwana uku sai ga wayarta, wai in zo da yarinyar. Ashe ta saka mayafi ta tafi kasuwa wajen wani tela mai ɗinka rigunan 'yan ƙwallo, wanda a haife ta haife shi, ta tsaya ya koya mata. Inna ce fa, wadda ban taɓa jin ta tambayi kowa harkar ɗinki ba. Ya ba ta allura mai dakusasshen baki, ya ce ta shimfiɗa takarda a ƙarƙashin yadin, ta riƙa jan sa kaɗan-kaɗan tana takawa.

Tsofaffin jaridun Baba muka cinye. Yana daga kan tabarma yana cewa bai gama karanta wannan ba, Inna tana cewa labarin ya kwana biyu. Ita tana taka keke, ni ina bin ɗinkin ina yage takarda, 'yata na barci a kan zani. Kullum in na taso aiki can nake sauka. Rabona da irin wannan zama da ita tun ina sakandare.

Da ta gama, sai na ga ta yi wa wuya da bakin hannu ado da ƙyallen atamfa. Ta ce ita ba za ta fitar da riga tsirara daga gidanta ba. Na saka, yarinyar ta farka, na ɗage ninkin sama na ba ta, ko cikina bai fito ba. Inna ta daɗe tana kallonmu.

"Lokacin goyonki, biki nawa na ƙi zuwa," ta ce. "Ke ba kya haƙuri, ni kuma ga kunya."

Ban taɓa sanin haka ba. Ta ci gaba da tsince zare a cinyarta.

Daga baya masu jegon layinmu suka yi ta kawo nasu yadin, har ciwon gwiwa ya raba Inna da keken, ya dawo hannuna. Watan jiya ƙanwata ta haihu, na ɗinka mata guda na kai wa Inna ta gani. Ta bi ɗinkin da yatsa, ta tsaya a hammata.

"Nan ya tattare. Warware."

Na zauna kusa da ita, na ɗauki reza.