Hatsin Tururuwa

Ina aji biyar a lekol, wato makarantar bokon garinmu, wani ƙauye tsakanin Maijirgi da Korgom, shekarar da damina ta ƙi karo na biyu a jere. Soja ke mulki a lokacin. Hoton shugabansu yana rataye bisa babban allo. Kowace safiya mu jeru a fili, a ɗaga tuta, mu yi taken ƙasa, a duba farce da kai, sannan mu shiga aji biyu-biyu.

Tun kafin sanyi ya shigo mutane suka fara watsewa. Ubana ya sayar da saniyarmu ta ƙarshe, ya kwashi uwata da ƙannena suka yi kudu, wajen Katsina. Ni aka bari hannun kakata, wadda ta haife shi, don saura shekara ɗaya da 'yan watanni in zauna jarabawar sartifika. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mata a gabana: muddin tana iya ciyar da ni, in zauna in yi karatu, ranar da abin ya gagara, ta sa ni amalanke in biyo su. Ita kuwa ta ce ba inda za ta, a ɗakinta za a zo a ɗauke ta.

Malaminmu, wanda muke kira mushe, Bazabarme ne daga yamma, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. Shi ya naɗa ni shugaban aji. Aikina uku ne: in share allo, in raba alli, in rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji ko a cikin layi. Wanda na rubuta, bulala biyar ce tasa. Na riƙe aikin da gaske, ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, saboda haka ba ni da abokin wasa. Daga baya aiki na huɗu ya ƙaru. In mushe ya kira sunan wanda iyayensa suka yi ƙaura, ni ke miƙewa in ce ba ya nan. Bencinmu na mutum uku ne, kafin tsakiyar rani ni kaɗai na rage a kansa.

A gida ma mu biyu ne. Kaka takan fita da hantsi da hauya da ƙwarya, ta ce za ta itace. Da magariba kuma sai ga tuwo, baƙi-baƙi, da yashi a ciki. Na tambaye ta ina take samun hatsi, ta ce miji ba ya leƙa tukunya. Haka muke da ita: ta kira ni maigida, in ce na sake ta, ta yi tsufa, ta ce ai ba mai kwasar miji mai kan ƙwarya irina. Ita kaɗai nake dariya da ita a garin.

Wata rana mushe ya yi mana darasin ƙwari. Ya zana tururuwa a allo, kai da ƙirji da ciki da ƙafa shida, muka kwafa a kaye, littafinmu na rubutu. Ya ce ita ce ta fi kowa tsari, tana tara abincin rani tun da kaka. Ya ce gobe za mu fita daji mu ga gidanta da idonmu.

Da safe muka fita, mu da muka rage. Mushe a gaba da hularsa, ni a gefe da takardar sunaye da alƙalamin bik. Muka wuce tsohuwar rijiya, muka ratsa gonaki waɗanda ko kara babu, an kwashe wa dabbobi. Gawon da ke bakin hanya duk an sassare masa rassa. Ba wanda ya yi magana, don suna ganin takardar a hannuna.

Da muka hau tudun da ke gabas da gari, sai muka tarar an riga mu. Mata huɗu ne durƙushe a kan gidajen tururuwa. Ga yadda suke yi: a haƙa da hauya har a kai ɗakin ajiya, a kwaso ƙasar da ƙwarya, a zuba a faifai a bakace, a tsince 'yan ƙwayoyin hatsi da na ciyawa da suka rage. Tururuwa ta hau musu hannu har gwiwa, suna kakkaɓewa suna ci gaba. Ta ukun daga hagu kakata ce.

Ita ma ta gan ni. Ta ɗago, ƙasa har gira, ta yi dariya ta ce, "Maigida, yau rangadi aka fito da sojoji? Zo ka ga rumbunka."

Yara suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Abu biyu suka riƙe mini baki. Na farko, muna cikin layi, in na amsa da Hausa dole in rubuta sunana da hannuna, kuma na san suna jira su ga ko zan yi. Na biyu, kunya. Yau ina iya faɗi cewa na biyun ya fi nauyi. Na mayar da ido kan takardata.

Mushe ya tambaye ni da Faransanci ko na san tsohuwar. Na ce 'yar unguwarmu ce. Kaka ba ta jin Faransanci, amma ta ga ban dube ta ba. Mushe ya cire hula ya yi musu sannu da aiki da 'yar Hausarsa, sannan ya ce darasi ya ƙare, mu juya. Da muka sauko na waiwaya sau ɗaya. Ta mayar da kanta kan ramin.

Da magariba ta ajiye mini tuwo kamar kullum. Ba ta ce maigida ba, ba ta kuma ta da zancen ba. Na zauna gaban akushin na kasa kai hannu. Ina ganin cizon tururuwa a damtsenta, ina tuna abin da na gaya wa mushe. Na ce na ƙoshi. Kashegari ma haka, sai ruwa da ɗan ƙuli-ƙulin da matar mushe ta ba ni. Da a ce na buɗe baki na ce mata, Kaka, yi haƙuri, da an wuce wurin. Ban iya ba. Ni da nake rubuta laifin kowa, ban san yadda ake faɗin nawa ba.

Ita kuwa ta ɗauka ƙyama nake yi. Rana ta uku ta je ta sami wani mai amalanke da zai kai iyalinsa bakin iyaka, ta shirya da shi. Da ta dawo ta gaya mini a tsaye, ba wasa a muryarta.

"Na yi wa ubanka alkawari. Abin da nake da shi ke nan, kai kuma ba ka iya cin shi. Ba zan riƙe ɗan mutane ya mutu a hannuna ba."

Na ce zan ci. Ta ce magana ta ƙare.

Da safe na je lekol kafin a ɗaga tuta. Na share allo, na mayar wa mushe littafin karatu da sauran alli da takardar sunaye. Ya ce zai je ya roƙe ta. Ya je, ta shimfiɗa masa tabarma, ta saurare shi har ya gama, ta yi masa godiya, ba ta sake shawara ba. Karatuna ya tsaya a nan, aji biyar, ban sake shiga wani aji ba.

Ta raka ni har bakin gari. Ta ɗaura mini ƙullin gari a gefen zane ta miƙo, ta gaya wa mai amalanke ya kula da ni, ba na son rana. Jaki ya ja, ita ta juya tun ba mu yi nisa ba, don hantsi ya yi kuma matan suna jiranta. Kwana biyu muka yi a hanya. Ban san kowa a amalanken ba, ba kuma wanda ya tambaye ni komai. Labarin rasuwarta ya iske mu a kudu, kafin ruwan farko ya sauka.