Sai Ka Kawo Ma'ana

A majalisarmu ta bayan la'asar a Tambuwal, wasan jera harufan Turanci yana da doka ɗaya da ba ta zo tare da allon ba: in ka jera kalma, sai ka faɗi ma'anarta da Hausa, da bakinka, kowa ya ji. In ka kasa, kwashe harufanka, ba ka da maki. Ni na kafa dokar nan, kuma har gobe ban ga mai rushe ta ba. Samarin yanzu su zo da 'yan kalmomi masu harafi bibbiyu da suka haddace a waya, ka tambaye su ma'ana su ce wai ai akwai ta a ƙamus. To shi ƙamus ɗin ne ke wasan?

Allon wani ɗan bautar ƙasa ne ya bar mini lokacin da nake koyar da Turanci a sakandare. Harufan da suka ɓace muka yanka sakaina muka rubuta su da biro.

Babban abokin karawata taubashina ne, ɗan kawuna, malamin dabbobi a Kebbe. Turancinsa na kwalbar allurar shanu ne, na sha gaya masa, amma wallahi ya iya dasa harafi mai tsada a inda zai ƙona maka rai. Ga gardama. Za ka iya zaginsa ya yi dariya, amma ka yi kuskure a kan dabba, ko da wasa ne, sai ya miƙe tsaye ya gyara maka.

Sai hawan jini ya buge shi. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Da aka sallamo shi daga asibiti a Sakkwato, likita ya ce a riƙa matsa masa ya yi magana, in aka bar shi harshen zai saba da shiru, ƙila shi ke nan. Amma da na je Kebbe duba shi, abin da na tarar ya ɓata mini rai. Tausayi ya yi wa gidan yawa. Ya kalli randa a kawo ruwa, ya kalli ƙofa a ɗaga labule. Masu gaisuwa su yi tambaya su ba kansu amsa. Mutumin da ba a iya rufe wa baki yana zaune kamar buhun gero, kuma na ga a idonsa ya fara yarda da hakan. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Da na koma gida, na ɗaure allon a bayan babur, na sake kama hanyar Kebbe. Na shimfiɗa shi a zaurensa, na zuba masa harufansa a gefen hagu.

Uwargidansa ta leƙo ta ce, "Haba Malam, wanga bawan Allah da ba shi da lafiya za ka ɗora ma wasa?"

Na ce, "Hajiya, hannu guda ya isa in lallasa shi."

Na ga gefen bakinsa ya motsa. Muka fara. Ashe kan yana nan garau! Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tura harufa biyu da ɗan yatsa, a hankali, har suka zauna: OX. Harafin nan mai tsada ya faɗa daidai gidan da ake ninka maki. Ya ɗago ya dube ni, yana jiran in ƙirga masa.

Na naɗe hannuwa na ce, "Ma'ana."

Ya nuna allon. Na ce ban ji ba. Ya nuna garken da ke bayan gida. Na ce a majalisarmu ba a karɓar nuni, shi ma ya sani. Leɓɓansa suka yi ta rawa, gumi ya keto masa, babu abin da ya fito sai iska. Hajiya ta ce, "Don girman Allah ka ƙyale shi. Kowa ya san ya sani."

Ni ma zuciyata ta karye, ba zan ɓoye ba. Amma na san mutumina, na kuma san inda ake taɓa shi. Na miƙa hannu kamar zan kwashe harufan, na ce, "To shi ke nan, malamin dabbobi ya manta. Bari in taimake ka. Ai saniya ce, mai ba da nono."

Idonsa ya yi ja. Ya damƙe wuyan hannuna da hannun hagu, har sai da na ji zafi. Ya ja numfashi, ya yi ta kokawa da harshensa, sai ga ta nan, a karkace amma sarai:

"Ƙarya!"

Kwanon da ke hannun Hajiya ya faɗi. Ni kuwa ban ko ƙifta ba, na ce, "To mi ne ne?"

"Sa." Ya huta, bai sake ni ba. "Ta… takarkari."

Na ce, "Yanzu ka yi magana," na ƙirga masa makinsa cif. Sai na ce zan duba babur kada yara su taɓa, na fita waje na share hawaye da hannun riga.

Maganarsa ba ta dawo duka ba, har yau da sanda yake tafiya kuma kalma takan maƙale masa. Amma duk mako ina kan hanyar Kebbe da allona, kuma ban taɓa sassauta masa dokar ba. Rannan na jera wata kalma da na tsinta a ƙamus, ina sauri in wuce. Ya dafe allon da hannun hagu, ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Ma'ana."