Bahagon Madarunfa

Kun gan shi, kada wani ya ce bai gani ba. Duk mai bin hanyar kasuwa daga bakin tafki ta gaban ɗakin Malam Illo yake wucewa, kuma tun daminar bara kusurwar rufin nan a buɗe take. Kun ɗaga kai kun duba, kun ce Allah ya kyauta, kun wuce. Ku da kuka yi lakwal, wato makarantar boko, kuke zuwa hutu daga Maraɗi da wando da takalmi, ku na fi nufi, domin da yawanku a hotunan mutumin nan kuka fara sanin takarda tana magana. Yau allunan da aka buga hotunan da su suna jingine a ƙasa, gara na ci ta ƙasa, ruwa na jira ta sama. Ku kuwa abin da kuka riƙe game da shi sunan tsokana ne kawai: Bahago.

To, bari in gaya muku wanda kuke wucewa.

Lokacin da yake kan aikinsa, in ya idar da sallar asuba ba ya taɓa wuƙa. Fita yake yi da guntun gawayi a aljihu, ya je ya zauna inda abin da zai zana yake. In akuya ce, sai ya tsuguna yana kallon yadda take dafa gindin itace da ƙafafun gaba ta miƙa wuya. In masunci ne, yana bakin tafki har rana ta ɗaga. Akwai ranar da ya bi jakin Ɗan Azumi mai itace tun daga Madarunfa har kusa da Safo, don kawai ya ga yadda kunnen jaki ke faɗuwa in ya gaji. Ɗan Azumi ya yi ta waiwaye, da abin ya ishe shi ya tsaya ya ce, "Malam Illo, in saye za ka yi, taya. In ko aure ne, turo manya."

Da hantsi yake komawa ɗaki. Ya zana abin da gawayi a kan allon kanya da ya goge sumul, sannan ya ɗauki wuƙar zanen ƙwarya da ya gada wajen mahaifinsa, ya sassaƙe duk inda babu layi, har hoton ya tsaya shi kaɗai a saman itacen. Tawadarsa baƙin gindin tukunya ne da ƙaro. Ya shafa wa allon, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da gindin ludayi, ya ɗaga a hankali. Takardar farko ba babba yake nuna wa ba. Wajen yaran da ke wasa a gindin tsamiya yake kai ta, ya ce, "Mi kuka gani?" In kura ya zana suka ce kare, ba ya jayayya. Allon ya tashi aiki ke nan, sai a nemo wani.

Yadda ya shigo aikin kuwa, bayan an gama yaƙin Turawa ne. An kawo wani malamin lakwal, Mushe Hamisu (haka ake kiran malami da Faransanci), ya tarar littattafan aji cike suke da ƙanƙara da gidaje masu hayaƙi a ka da wata saniya da ko Bafulatani ba zai gane ta ba. A aji Faransanci kaɗai aka yarda a yi. Shi kuma yana son ɗan littafin da yaro zai tafi da shi gida, tatsuniya da Hausa, wadda kakarsa ma za ta leƙa ta gane. Ya ga ƙoren Illo a kasuwa, da kada da zalɓe zane a jikinsu, ya ce masa ya gwada a kan takarda. Mushe Hamisu ya rubuta kalmomi a ƙarƙashin hotuna da hannunsa, Balaraba matar Illo ta ɗinke shafukan da zare.

Littafin farko labarin wata yarinya ne, Binta, da kifin tafki. A shafin tsakiya Binta tana cin tuwo da kakarta. Illo ya sassaƙa ta da loma a hannun dama, yadda kowace ɗiyar kirki take ci. Abin da bai lura ba, shi da bai taɓa buga komai ba, shi ne allo in ya sauka a takarda juyewa yake yi. Dama ta koma hagu. Shi da Mushe Hamisu murna ta rufe musu ido, aka raba littafin, ya tafi ƙauyuka.

Ranar kasuwa sai ga Inna Marka daga Safo, tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba, riƙe da littafin jikarta da yatsa biyu. Ta tsaya gaban ƙorensa, mutane suka taru.

"Kai ne mai wanga zane?"

"Ni ne, Inna."

"Ɗiyar wa ce wannan?"

"Ba ta kowa ba ce, Inna. Tatsuniya ce."

"Na ga alama! Ɗiyar da ke da uwa ba ta kai hagu cikin tuwo. Jiya jikata ta sa hannun tsarki a akushi, na make ta, ta ce haka Binta ke yi, kuma littahi ba shi ƙarya. Shi ne abin da kuke koya musu? Kai da kanka da wane hannu kake ci, Bahago?"

Kasuwa ta kwashe da dariya, sunan kuma ya zauna.

Waɗanda suka ga abin sun ce ya daɗe yana kallon shafin. Bai ce laifin allo ne ba, bai ce Mushe Hamisu ma ya gani ya yi shiru ba. Cewa ya yi, "Kin yi gaskiya, Inna. Ba ni shi." Ya sake sassaƙa Binta, wannan karon da loma a hagu a jikin itace, don ta fito da dama a takarda. Sannan ya ɗauki allura da zare da sababbin shafuka, ya bi littattafan da ƙafa gida gida, Safo, Gabi, har Ɗan Issa, yana farke tsohon shafi yana ɗinka sabo. Cikin aikin gona ne, geronsa ya sha ciyawa a shekarar.

Tun daga ranar, Malam Illo, a juye kake ganin duniya don yaranmu su gan ta daidai. Kai ne kake ajiye ƙwaryar ruwa kusa da gwiwarka, kana kifa allo a samanta ka duba inuwarsa kafin wuƙa ta taɓa shi. A allunanka kowa bahago ne: mai gaisuwa da hagu yake miƙa hannu, mai noma da hagu ya riƙe hauya, liman ma da hagu yake jan carbi. A takarda kuwa ba a sake kama ka da ko ɗaya ba. Ɗan gidan malamai ya ga allonsa da tawadarsa a littafinka, ɗan gidan masu bin al'adar kakanni ya ga rumbun ubansa da bikin girbinsu, ba ka mayar da ɗayansu abin dariya ba. Bahago mai gyara dama, an tsokane ka da sunan nan har ka tsufa, kana amsawa da "Na'am." Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Inna Balaraba lafiya, ita da yatsunta suka sha allura.

Amma godiya ba ta hana ɗaki yoyo. Idon Malam Illo ya yi hazo. Yana iya shafa tawada ya murza ludayi da lalube, sassaƙa kam ta ƙare. Duk allon da ya lalace yau ya tafi ke nan har abada. Allon kura gara ta riga ta cinye masa ƙafafu. Wani maƙwabci, ba ni faɗin sunansa don ya san kansa, ya ɗauki na masunci ya toshe akurkin kaji da shi, da aka yi magana ya ce ai ya ga duk a karkace suke, ya zaci waɗanda aka zubar ne. Allon Binta yana nan tukuna, a kusurwar da rufin ya buɗe.

Na je na same shi makon jiya, na ce mu kwashe allunan mu kai wani wuri. Ya yi dariya ya ce, "Ina, ɗana? Ɗakin kowa cike yake da gyaɗa. Bar su nan, in Allah ya so ruwan bana ya yi jinkiri." Manomi ne fa yake roƙon ruwa ya yi jinkiri, ku ji inda muka kai mutumin nan.

Kun san wa ya riga ku? Inna Marka. Tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, ba ta iya tafiya yanzu, amma da labarin ya kai Safo ta sa aka ɗoro azara biyu a kan jaki, da saƙo: "A ce wa Bahago kada ya bari ruwa ya taɓa ɗiyata." Azarar tana ƙofar ɗakin, ba wanda ya ɗaga ta.

Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Ranar Asabar mai zuwa da safe za a kwaɓa ƙasa a ƙofar Malam Illo, a rufe kusurwar nan, a kafa maratayi a ɗaga allunan daga ƙasa. Kada ku aiko da gaisuwa, kada ku ce kuna da aiki a Maraɗi. Ku tuɓe takalman nan, ku naɗe wando, ku zo da hannuwanku duka biyu, dama da hagu.