Sharhin da Na Manna a Allon Sanarwa

Shekarar da aka kawo wa makarantarmu tsofaffin kwamfutoci uku, ina koyar da Turanci a wata sakandaren jeka-ka-dawo a gefen Ikara. Wata ƙungiya ce ta turo su, tare da kwali cike da faya-fayai da mujallun ƙasashen waje da suka tsufa tun kafin su iso mu. Shugaban makaranta ya damƙa mini makullin ɗakin, don a ganinsa ni zan iya karanta takardun da suka zo da su. Ba a kawo wuta, janareta kuma yana wurin mai gyara, sai na koma karatun mujallun idan an tashi tara.

A cikinsu na ci karo da sharhi kan wani wasan kwamfuta wanda faifansa ke cikin kwalin. Wasan na shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa mai hawa-hawa ne, kana ganin hanya da idon wanda ke tafe a ciki, kana buɗe ƙofofi kana haɗuwa da dodanni. Mai sharhi na farko ya yaba shi ƙwarai, ya ce ba a taɓa yin irinsa ba, har abinci ya manta ya ci. Na wata mujallar kuwa ya ce zanen ba shi da kyau, kuma wasan na kashe mutum ba gargaɗi. Turancin na farkon ya fi daɗi, saboda haka na bi bayansa. Zango guda na yi ina cika wa malamai kunne da labarin wasan da ban taɓa gani ba.

Ranar da aka dawo da janareta, malamai kusan goma suka biyo ni. Na saka faifan, muka jira. Abin da ya fito baƙin allo ne da fararen layuka, wai su ne bango. Na yi gaba, na juya dama, na sake juyawa, sai ga ni inda na fara. Kafin in gane abin da ake ciki wani rubutu ya fito cewa an kashe ni. Mataimakin shugaba ya ce shi kam kamar leƙa rumbun da ba hatsi ya gani. Wata malama ta tambayi abin da ake samu idan an ci. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, kaina na sarawa saboda ƙarar inji.

Mutum ɗaya ya tsaya, malamin labarin ƙasa, wani mai shiru-shiru ɗan kudancin Kaduna. Ya roƙe ni aron makulli. Daga ranar, duk lokacin da aka tayar da inji don buga takardun ofis, yana can kusurwa da takarda mai gida-gida da fensir, yana zana kowane lungu da ya bi.

Ni kuwa kunyar ranar ba ta sake ni ba. Na zauna na rubuta nawa sharhin, shafi biyu, na manna a allon sanarwa. Na ce wasan ɓata lokaci ne, kuma waɗanda suka yabe shi ba su da aikin yi. Yawancin hujjojin daga mujalla ta biyu na kwaso su, wadda na raina a da. Malamai suka yaba da rubutun. Malamin labarin ƙasa ya karanta har ƙarshe, ya same ni a ƙarƙashin dalbejiya.

"Malam, rubutunka ya yi kyau," ya ce. "Amma fa hawa na farko kaɗai ka gani. Ni ina na shida."

Na ce masa ai ba sai na ga sauran ba. Ya gyaɗa kai ya tafi aji.

Bayan kwana biyu shugaba ya kira ni ofis. Shi ma ya karanta, kuma ya gamsu. Ya ce tunda masanin abin da kansa ya ce ba shi da amfani, a goge shi, a kawo masa faifan ya kulle. Da hannuna na goge. Malamin labarin ƙasa bai yi mini magana a kai ba, gaisuwa ma bai fasa ba, har aka mayar da shi Kudan a zango na gaba.

Bara muka haɗu a tashar Makarfi, mun dawo daga ta'aziyyar wani da muka yi aiki tare. Dukanmu mun yi ritaya. Bayan mun gaisa mun tambayi iyali, na gaya masa na gani a waya har yanzu mutanen waje na gardama kan wasan, wasu na cewa shi ne tushen duk na zamani, wasu na cewa ba ya buguwa. Na karanta kaɗan na gaji. Na ce an ce ana iya saka shi a waya yanzu, idan yana so.

Ya cire tabarau ya murza ido. "Idon ba ya ɗauka, Malam. Ko saƙo sai an karanta mini."

Na so in ba shi haƙuri, na rasa ta inda zan fara, sai muka koma zancen tsadar taki da ruwan da ya yi jinkiri. Motarsa ta riga tawa cika. Na riƙe masa ledarsa har ya samu ya zauna.